Malam Kasko, Mutumin da Na Ba Maki Biyu Cikin Goma

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Allah ya karɓi ran malaminmu na fasaha, wanda ɗalibai suka shekara talatin da biyar suna kira Malam Kasko. Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana shida, yana da shekara saba'in da huɗu. Ya bar matarsa, da 'ya'ya huɗu, da jikoki tara, da gareji cike da tukwane, da zare, da guntayen katako, da ganguna, kayan da har yanzu ba a sami malamin da ya san yadda ake raba gadonsu ba. Bayan azahar aka yi masa sallah aka kai shi makwancinsa.

Malam, babbar 'yarka ce, mai zanen gine-gine, ta tsare ni a bakin ƙofa ranar da aka binne ka. Ta ce, "Yaya, kai za ka rubuta masa ta'aziyya. Kai ne ka fi karatu a cikin ɗalibansa, kuma kai ya fi so." Na ce to. Akwai abin da ita da mahaifiyarta ba su sani ba a ranar. Sufeton da ya rubuta rahoton da ya sa aka ƙwace maka ɗakin koyarwa, wanda gidanku ya shekara goma sha huɗu yana kai ƙararsa wurin Allah, ni ne. Ka sani, ka tafi da shi kabari ba ka faɗa wa kowa ba. Da na ga dama, da na rubuta yabo zalla, iyalinka su ci gaba da ɗaukata ɗa, ba wanda zai tona. Zan zo kan wannan. Bari in fara da kai, tunda kai ka rasu, ba ni ba.

Muna aji ɗaya na sakandare ka shigo mana da wani abu naɗe a tsohuwar jarida. Ka kwance shi a kan tebur, sai ga kasko, baƙi, bakinsa ya ɗan gutsure. Ka ce, "Me kuka gani?" Wani daga baya ya ce, "Kasko." Ka ce, "Madalla, idonka lafiya lau. To zango guda za mu yi muna kallonsa." Muka yi dariya, muna tsammanin wasa kake yi. Ranar ka sami sunan da ya bi ka har makabarta, domin ko a wurin jana'izarka na ji wani dattijo mai furfura yana tambaya ko nan ne gidan Malam Kasko.

Ba wasa kake yi ba. Makon farko inuwarsa muka zana, da safe da kuma tsakar rana, har muka gane cewa haske ne ke zane, fensir rakiya kawai yake yi. Mako na biyu ka jera tukwane bakwai, ka zuba musu ruwa, wata kaɗan wata da yawa, ka ba mu cokali muna bugawa har muka fitar da amon da za a iya rawa da shi. Mako na uku ka nuna mana ɗan zanen nan mai hawa da sauka da ke zagaye da bakin kaskon, ka ce mu shiga gari mu nemo 'yan'uwansa. Muka samo shi a gefen tabarma, da jikin ƙofar ƙarfe, da bakin zanen iyayenmu mata, da gefen shafin wani tsohon littafi. Ni a bayan wata motar ɗaukar kaya na gan shi, na bi ta da gudu ina kwafa har na fasa gwiwa.

Sai da muka gaji da kallo sannan ka fara tambaya. Wane irin mutum ne ke yin tukunya mai nauyi? Wanda ya yanke shawarar zama wuri ɗaya. In ya zauna fa? Sai ya yi bango. In ya yi bango sai ya yi maƙwabci, in ya yi maƙwabci sai rigima, in an yi rigima sai alƙali, in an yi alƙali sai a nemi abin da za a rubuta hukunci a kai, da waƙar da za ta tuna wa jikoki wa ya yi gaskiya. A haka ka ɗauke mu daga kasko har zuwa birni, ba mu san mun yi tafiya ba. Akwai maganarka da na yi shekara da shekaru ina maimaitawa a taruka, ana tafa mini kamar tawa ce. Ka ce wayewar kai ba ta fara da takalmi ko agogo ba. Ta fara ne ranar da wani ya gama tukunya, ta isa ɗiban ruwa, amma ya ƙi ajiye ta sai da ya yi mata ado.

A jadawalin makaranta darussa huɗu ne: zane, kiɗa, sana'ar hannu, da wasan kwaikwayo. Kai ka haɗe su wuri ɗaya, a ɗaki ɗaya, dogon ɗakin nan na ƙarshen makaranta mai taga shida, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa. Kana cewa, "Waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne. Ofis ne ya raba musu gado uwarsu tana raye." Zango na biyu ƙofa muka kalla, daga sassaƙarta har zuwa wasan da muka shirya a kan mutumin da ya fara ƙera makulli ya rasa abokai. Zango na uku ƙyalle ne.

Kada a ce na mayar da kai waliyyi don ka rasu. Ba ka taɓa gama darasi a kan lokaci ba, malamin lissafi ya shekara yana tsayuwa a bakin tagarka yana duba agogo kamar mai jiran bashi. Rajistar aji sai an yi maka tuni sau uku. Hannun rigarka kullum da laka. Muryarka kuwa, Allah ya gafarta maka, ba ta waƙa ba ce, amma ba wanda ya isa ya hana ka, mu dai muna sunkuyar da kai har ka kai ƙarshen baiti. Motarka ta fi daɗewa a kan duwatsu fiye da kan titi, har ka haƙura ka sayar wa masu gwangwan, ka ce dama garejin kake so.

Ni ban iya zane ba. Ranar da ka ce mu zana dabba na zana akuya, ka ɗaga takardar ka daɗe kana dubawa, ka ce, "Teburin nan ya yi kyau, amma me ya sa ka yi masa gemu?" Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, duk da hawaye na kusa. Da aka tashi ka kira ni gefe ka ce, "Hannunka ba ya gani, amma bakinka yana gani. Ɗazu da ka bayyana zanen abokinka, ka ga abin da shi bai gani ba. Ana buƙatar irinku." Ka ciro makullin kabad ɗin littattafanka ka ba ni. A wannan kabad na fara karanta yadda mutanen bakin kogi da na kan dutse da na cikin hamada suka yi gini da rini da kiɗa, kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi. Duk karatun da ake cewa ina da shi, daga wannan makulli ya fito.

Da mahaifina, mai gyaran keke, ya ce in bar ajin fasaha tunda ba a cin zane, ba ka aika masa takarda ba. Da ƙafarka ka je rumfarsa, ka zauna a kan benci mai baƙin mai, ka same shi yana ɗaura wayoyin ƙafar keke. Ka zuba ido kana kallo, wannan waya ta bi ta kan waccan, ta shige ƙarƙashin ta gaba. Sai ka ce, "Maigida, ka san saƙa kake yi?" Kuka wuni kuna magana, ba ka ambaci sunana ko sau ɗaya ba. Da yamma ya dawo gida yana ce wa mahaifiyata, "Ashe shekara ashirin ni masaƙi ne ban sani ba." Bai sake tayar da maganar ajin ba. Har ya rasu, in ya gama ɗaura ƙafar keke sai ya ɗaga ta sama ya juya ta a rana, ya ɗan kalle ta kafin ya mayar.

Na tafi jami'a, na rubuta kundin digiri a kan koyar da fasahohi a haɗe ta hanyar al'ada da wayewar kai. Shafi ɗari biyu da goma. Duk abin da ke ciki kaskonka ne aka sa wa kwat. Na jero sunayen masana arba'in da ban taɓa gani ba, kai kuwa layi ɗaya na ba ka a shafin godiya, shi ma cewa na yi "da wani tsohon malamina". Na kawo maka kwafi, ka karanta tas, ka ce babi na uku ya fi yadda kai za ka iya faɗa. Na yarda da kai, don a lokacin ina yarda da duk wanda ya yabe ni.

Da wannan kundi na sami aiki a ofishin sufetocin makarantu. Ina wata shida, ba a ma tabbatar da ni ba, aka haɗa ni da babban sufeto na lokacin mu zagaya makarantu. Jan Biro muke ce masa a bayan idonsa. Ba mugun mutum ba ne. Ya yi imani da fom kamar yadda wasu suka yi imani da allura, in dai an cike shi daidai to cuta ta warke. Kuma ba ya son abin da yake kira "malamai 'yan falsafa". Da na ga sunan makarantarmu a jerin, ban gaya masa a nan na yi karatu ba. Na ce a raina don adalci ne. Tsoro ne, Malam. Ina jin kunyar ya san daga ɗakin laka na fito.

Dole in bayyana fom ɗin, don wanda ba ɗan ofis ba ba zai gane yadda ake kashe mutum da shi ba. A samansa akwai gurbi huɗu: zane, kiɗa, sana'ar hannu, wasan kwaikwayo. Sufeto zai zaɓi ɗaya, ɗaya tak, sannan ya auna darasin da tambayoyi goma na wannan gurbin. Babu gurbin da aka rubuta "duka". A can ƙasa akwai layi uku da aka bari don ƙarin bayani.

Muka shigo ka riga ka fara. Ka gan ni, fuskarka ta washe, amma da ka ga na kawar da kai sai ka gyara tsayuwa ka ce, "Sannunku da zuwa, ga kujeru." Ka kafa ƙaramar masaƙa a gaban aji. Kana wuce zare, sama biyu ƙasa ɗaya, ɗalibai suna tafa shi da hannu, tafi biyu, shiru ɗaya. Sai ka ce su leƙa taga su dubi yadda aka jera bulon katanga, suka tafa shi ma. Sai ka karanta baiti, suka ji ashe shi ma yana da nasa sama da ƙasa. Daga nan ka shiga yadda fatake ke ɗaukar ƙyalle daga wata ƙasa zuwa wata, zanen jikinsa ya riga harshen masu shi isa. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kenan magini da masaƙi da mawaƙi duk ƙirga ɗaya suke yi?" Babi na uku ne a gabana, da rai da numfashi, kuma ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Jan Biro ya buga biro a kan tebur ya ce, "Malam, wannan wane darasi ne? Kiɗa ne, ko saƙa, ko tarihi?"

Ka yi murmushi ka nuna ni da haɓa. "Ranka ya daɗe, tambayi abokin tafiyarka. Ya fi ni iya bayani."

Ya juyo ya dube ni. Ajin ma ya dube ni. Ƙofa ka buɗe mini, Malam, ka ba ni fili in faɗi abin da na rubuta shafi ɗari biyu da goma a kansa. Na ce, "Yallaɓai, ina ganin akwai ɗan ruɗani a tsarin darasin."

A jadawali an rubuta zane a wannan sa'a, don haka na zaɓi gurbin zane. Tambayoyin suka yi sauran aikin. An raba takardar zane? A'a. Ɗalibai sun riƙe fensir? A'a. Malami ya nuna misali a allo? A'a. Ka ci biyu: ɗakin yana da isasshen haske, kuma ɗalibai sun mai da hankali. Biyu cikin goma. Sauran layi ukun nan na ƙasa, inda zan iya rubuta cewa ban taɓa ganin darasi irin wannan ba, kuma fom ɗin ne ya gaza. Jan Biro yana tsaye a kafaɗata. Na rubuta, "Malamin ba ya bin manhaja." Ba ƙarya na yi ba. Gaskiya ce irin wadda ake wasa wa baki kafin a yi yanka da ita.

Doka ta ce malami ya karanta rahoton ya sa hannu. Na miƙa maka ina kallon takalmina. Ka karanta daga sama har ƙasa, ba ka tsallake layi ba. Ka sa hannu da kyakkyawan rubutunka, ka miƙo mini, ka ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Rubutunka ya lalace. Ka rage sauri." Iyakar abin da ka taɓa ce mini a kan maganar kenan, daga ranar har ka koma ga Allah.

Bayan wata huɗu takarda ta sauko. Aka raba darasin ga malamai huɗu, kowa da minti arba'in ɗinsa. Dogon ɗakin aka mai da shi sito na takardun jarrabawa, aka toshe taga huɗu da katako. Kai aka ba ka kula da makararru a bakin ƙofar makaranta, don a cika maka shekara ukun da suka rage. An gaya mini ko a can ba ka daina ba. Duk wanda ya makara, hukuncinsa shi ne ya tsuguna ya zana inuwar ƙofar a ƙasa da tsinke, ya faɗi ƙarfe nawa inuwar ta nuna. Har shugaban makaranta ya yi ƙorafi cewa makararru sun ƙaru.

Da ka yi ritaya ka buɗe garejin. Kowace Asabar da safe sai ga tela, da mai walda, da wata ma'aikaciyar jinya, da tsohon ɗan sanda, manya da gemu da ɗankwali, zaune a kan bokitai suna kallon tukunya. Mai waldan ya ce mini a wurin makoki, kafin ya san ka, ƙofa kawai yake ƙerawa, yanzu kuwa in ya wuce titi yana gane tasa daga nesa, yana kuma jin kunyar waɗanda ya yi a da.

Ban daina zuwa gidanka ba, kuma nan ne abin ya fi muni. Sau biyu ko uku a shekara nakan zo. Mama, matarka, wadda ta ɗauke ni ɗa tun ina zuwa mayar da littafi, takan kawo mini shayi da kanta, ta zauna, ba a daɗe sai maganar ɗakin ta taso. Takan ce, "Sufeton nan, ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi." Sai ta juyo gare ni. "Kai da kake ofishin, ba ka san shi ba?" Nakan ce, "Mama, ofishin da girma." Kai kana gefe kana fere katako, sai ka ce, "Ki bar shi haka nan. Yaron kirki ne, takardar ce ba ta da gurbi." Ta ce, "Kai dai ba ka da zuciya. Allah ya nuna masa a kan nasa aikin." Wata rana ta yi irin wannan addu'a ta tsare ni da ido tana jira. Na ce amin. Da kofinta a hannuna na ce amin. Ka ɗago ka dube ni ta saman tabarau, ka koma kan katakonka.

Na je asibiti kwana biyu kafin rasuwarka da niyyar neman gafara. Na ja kujera, na ce, "Malam, akwai maganar da na daɗe…" Sai ka ɗaga yatsa ka nuna labulen gadon. Ka ce, "Dubi nan. Sama uku, ƙasa ɗaya. Ko a asibiti wani ya ƙi barin ƙyalle haka nan." Muka yi rabin sa'a a kan labule. Har yau ban sani ba, ko ba ka ji ni ba ne, ko kuwa ka sake rufa mini asiri. Ni dai na ji daɗin kuɓuta, na tashi na tafi. Wannan ma ina jin kunyarsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwana huɗu bayan rasuwarka, da hantsi, da masu gaisuwa suka ragu, na sami Mama a falo ita da babbar 'yarka. Na zauna a ƙasa. Na faɗa musu komai, da gurbin, da layi ukun, da abin da na rubuta.

Mama ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Mama."

"Kuma ya sani?"

"A gabana ya sa hannu."

Ta dubi kujerar da kake zama, kamar za ta yi maka faɗa. Ta ce, "Shekara goma sha huɗu ina yin addu'a biyu. In na idar da sallah in sa wa ɗana albarka, in juya in kai ƙarar sufeto. Ashe mutum ɗaya nake yi wa. To Allah ya san wadda ya karɓa, ni ban sani ba." Ta gyara mayafinta. "Tashi ka tafi yau. Ban kore ka ba. Amma idona ba zai iya kallonka yanzu ba."

'Yarka ta rako ni bakin ƙofa. Na ce mata in tana so ta ba wani ya rubuta ta'aziyyar. Ta ce, "A'a, kai za ka rubuta, kuma duka za ka sa. Yaya, fom ɗin nan, har yanzu ana aiki da shi?"

Na ce, "Ana yi."

"Wa ke sa hannu a buga shi duk shekara?"

Jan Biro ya daɗe da yin ritaya. Shekara biyar kenan ni ke zaune a kujerarsa. Na ce, "Ni ne." Ta koma ciki ta tura ƙofa a hankali.

Ka gani, Malam, laifin na farko ina iya jingina shi ga ƙuruciya da tsoron maigida. Wannan ba ni da inda zan jingina shi. Shekara biyar ina yawo taro-taro ina bayani a kan haɗa fasahohi, sufetocina kuma suna yawo makaranta-makaranta da gurbi huɗu. Ban san malamai nawa irinka suka ci biyu cikin goma da sa hannuna a ƙasan takardar ba. Ranar Litinin na janye fom ɗin, na hana a fita da shi. An ce sai kwamiti ya zauna kafin a yi sabo, kuma na san abin da kwamiti ke yi wa magana, don na shugabanci da dama. Ban ce na gyara komai ba. Ɗakin yana nan cike da takardu, kai kuma ba ka nan.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya koya wa 'ya'yan mutane su kalli abin da Ka halitta da abin da hannun bayinka ya ƙera, su ga kyau a ciki su gode. An zalunce shi ya yi shiru, ya rufa asirin wanda ya tona nasa. Ka rufa masa asiri ranar da asirai ke bayyana. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa duk wanda ya amfana da iliminsa ya zama lada mai gudana gare shi. Ka sa Aljanna ce makomarsa, tare da iyayensa da namu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa huɗu da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da 'yan ajin gareji waɗanda aka ce sun zo ranar Asabar sun zauna a kan bokitansu ba wanda ya iya cewa a tashi, da dukan ɗalibansa a duk inda suke. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Mama, Allah ya ba ki haƙuri, ya dafa miki, ya sanyaya zuciyarki. Wanda na yi wa laifin ya tafi ban roƙe shi ba, ke kika rage. Ba zan aiko kowa ya ba ki baki ba. Zan riƙa zuwa in yi sallama daga bakin ƙofa, in gaishe ki in juya, har ranar da kika ce in shigo. In ranar ba ta zo ba, ba ki zalunce ni ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya yi masa rahama.